Filin Manoma: Yadda Ake Jera Ƙasar Shinkafa Daga Tudu Zuwa Kwari

Yawancin wasiƙun da suka iso mana a wannan wata a kan ƙasar noman shinkafa suke, wataƙila saboda lokacin rabon filaye da karɓar aron gonaki ya kama. Mun ɗauki uku daga cikinsu, mun taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ne magatakardan wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye da ke tsakanin Pitowa da Lagdo a arewacin Kamaru. Jauro, wato mai garinmu, ya ba mu fili wanda ya taso daga gindin tudu ya gangara har cikin fadama, kuma muna so mu raba shi mu noma shinkafa a daminar bana. Rigimar ita ce kowa ya sa ido a kan baƙar lakar da ke can ƙasa, ba wanda yake son a jefa shi sama inda yashi yake. Wasu sun ce a yi ƙuri'a, wasu sun ce dattawa su fara zaɓa. Yaya za mu gane ƙasar da ta fi ƙarfi, mu jera ta daraja-daraja, don mu yi rabon da ba zai ɓata zumunci ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam magatakarda. Allah ya sa wannan fili ya zame muku sanadin arziki. Kafin ku ɗauki igiyar awo, ina roƙon ku da ku gyara tambayar kaɗan, domin ƙasa ba ta da daraja ƙwaya ɗaya da za a rubuta mata a goshi. Darajarta tana bin abin da za a shuka a cikinta da irin zaman da ruwa ke yi a kanta, kuma a wajen shinkafa maganar ruwa ce a gaba, maganar abincin da ke cikin ƙasa tana biye. Gonar da ta ba da gyaɗa har aka yi ta labari tana iya kunyata mai shinkafa, haka kuma wurin da ake dasa masakwa bayan janyewar ruwa ba lalle ne ya karɓi shinkafar damina ba.

Fili irin naku, idan mutum ya bi shi da ƙafa daga sama zuwa ƙasa, yakan same shi hawa huɗu. A can sama akwai jigawa mai jan yashi ko fari, wadda ke shanye ruwan sama kafin manomi ya kai gida. Ƙasa da ita akwai gangare, inda yashi ya fara gaurayuwa da laka, kuma inda ruwan da ya nutse a tudu yake tsattsafowa a tsakiyar damina, har a ga danshi ya yi kwanaki ba a yi ruwa ba. Sai fadama kanta, shimfiɗaɗɗiya, inda ruwa ke kwanciya iya idon sawu ko ƙwauri. Daga nan sai cibiyar kwarin, wurin da ruwa ke fara taruwa kuma shi ne na ƙarshen bushewa. Mutanenku ba su yi kuskure ba da suka ce ƙasan ya fi maiƙo, domin kowace damina ruwa yana wanke lallausar ƙasa da toka da garin kashin dabbobi daga sama yana sauke su can, shekara da shekaru, tudu yana ramewa kwari yana ƙiba. Laka kuma tana riƙe abincin shuka yadda yashi ba zai iya ba, saboda ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, kuma sinadarai irin su fotashiyam da kalsiyam da amoniyam suna manne musu, ruwa ba ya tafiya da su cikin sauƙi.

Sai dai baƙin ƙasa yana yaudarar ido. Baƙar lakar nan mai tsagewa da rani har a zura sanda ta shige, wadda Hausawa ke kira dabaro, Fulani kuma suke kira karal, ba yawan ruɓaɓɓen ganye ne ya baƙanta ta ba. Idan aka auna ta a ɗakin gwaji, sau da yawa ruɓin da ke cikinta bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, launin kuwa ya samo asali ne daga yadda wannan ɗan ruɓin ya cuɗanya da irin lakarta. Tana da wadatar kalsiyam da magnesiyam, amma naitirojin ɗinta kaɗan ne, fosforas ɗin da shuka ke iya ɗauka shi ma yakan yi ƙaranci. Saboda haka wanda ya samu rabo a dabaro kada ya ɗauka an yafe masa sayen yuriya.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan tarko. Shekarun baya na karɓi aron kar biyu, wato rabin hekta, a wata fadama, aka ce in zaɓa, sai na nufi inda ƙasar ta fi baƙi, ina ganin na yi wa kowa wayo. Shinkafar ta tashi kore shar, mai wucewa sai ya tsaya ya duba. A ƙarshen watan Agusta ruwa ya hau kanta ya kwana tara, kuma da ya janye na shiga na tuge gindi ɗaya, sai ga saiwar ta yi baƙi ƙirin tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ganyen kuwa ya kwanta a taɓo kamar jiƙaƙƙen tsumma. Maƙwabcina da ke taku ɗari sama da ni, a wata ƙasa mai launin toka da na raina, shi ya ɗinke buhuna a shekarar nan. Shinkafar da aka saba shukawa ba ta jure nutsewa gaba ɗaya fiye da mako guda ko makamancinsa, komai ƙarfin ƙasar da take kai.

Don haka aikinku na farko ba ya buƙatar kwabo. Ku nemi tsofaffin ƙauyen da makiyaya da masunta, ku zagaya filin tare da su, su nuna muku inda ruwa ke tsayawa a shekarar da aka saba, da inda ya kai a shekarar ambaliya. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982 cikar Binuwai ta sauya hali, kuma kowa a yankinku yana tune da 2012, lokacin da aka saki ruwa ya mamaye gonaki da gidaje, don haka ku tambayi iyakar ruwan wannan shekara musamman. Ku dubi jikin itatuwa, za ku ga zoben taɓo da tarkacen ciyawar da ruwa ya rataye a rassa. Ku kafa turaku a kan waɗannan iyakoki, domin su ne ainihin layukan da suka raba filin, tun kafin a zo maganar igiya.

Aiki na biyu shi ne neman aibin kowane hawa, kuma a nan ne yawancin masu jera ƙasa suke ɓata lissafi. Ku ɗauki misalin randa mai huji uku, ɗaya kusa da baki, ɗaya a tsakiya, ɗaya kusa da gindi. Duk ruwan da aka zuba mata, iyakar hujin ƙasa zai tsaya, kuma toshe na sama ba zai ƙara ko moɗa ɗaya ba. Haka gona take, amfaninta yana tsayawa ne a kan abin da ya fi yi mata ƙaranci. Masanin sinadarai na Jamus Justus von Liebig ne ya yayata wannan ƙa'ida a ƙarni na 19, amma manomin da ya taɓa zuba taki a gonar da ruwa ya gudu daga cikinta ya san ta ba tare da karatu ba. Hujin jigawa ƙishirwa ne, domin ko da yake yankin Garwa yana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, idan aka ɗauke ruwa na kwana goma lokacin da shinkafa ke fitar da kai, a kan yashi ƙaiƙayi za a girba. Ga kuma wuta-wuta, wadda ke son raunanniyar ƙasar tudu. Hujin cibiyar kwari nutsewa ne. Gangare kuwa, idan tudun da ke samansa jar ƙasa ce, ku lura da ruwan da ke tsattsafowa: idan kun ga wani jan tsatsa a bakin ruwan, da wani ƙyalli kamar an ɗiga man inji wanda ke farfashewa idan aka taɓa shi da tsinke, to ƙarfe ne ya narke a ciki. Shinkafar da ta sha shi da yawa sai ganyenta na ƙasa ya fara ɗige-ɗigen ja daga tsini, daga baya ya rine gaba ɗaya ya koma launin tagulla. Maganinsa shi ne a haƙa lambatu a gindin tudun ya tare ruwan ya karkatar da shi, a kuma tabbatar gonar ba ta rasa fotashiyam da fosforas ba.

Bayan haka sai ku taɓa ƙasar da hannu. A kowane hawa ku haƙa rami mai zurfin kamu biyu, ku dubi bangonsa. Sau da yawa abin da ke sama ba shi ne a ƙasa ba: akwai fadamar da lakarta ba ta fi taƙi ɗaya ba, a ƙarƙashinta yashi ne tsantsa, irin wannan kuwa rariya ce da aka shafe da laka, ba za ta riƙe ruwa ba. Akwai kuma gangaren da samansa yashi ne amma laka tana kwance a ƙarƙashi, shi kuwa ya fi yadda ido ke ganin sa. Ku jiƙa ɗan dunƙule ku murza shi a tafin hannu kamar mai yin igiya. Idan ya ƙi haɗuwa, yashi ya rinjaya. Idan ya yi igiya amma ta karye da aka lanƙwasa ta, ƙasar tsaka-tsaki ce. Idan kuwa ya yi igiya har aka mai da ita zobe ba ta tsage ba, laka ce sosai. Wanda ke son ya ga abin da idonsa, ya zuba ƙasa kashi ɗaya cikin uku na kwalba, ya cika da ruwa, ya girgiza da kyau ya ajiye: yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa mai kamar gari za ta biyo cikin awa biyu, laka kuwa sai ta kwana ɗaya ko biyu ko fiye. Idan kuka jera kwalabe huɗu a gaban taron ƙungiya, gardama za ta ragu da kanta, tun da gani ya kori ji.

Da waɗannan a hannu, ga yadda ni zan jera filin, idan shinkafar damina ake nufi. Daraja ta ɗaya ita ce shimfiɗaɗɗiyar fadamar da ke riƙe ruwa tsakanin santimita 5 zuwa 20, wadda kuma ake iya fitar mata da ruwa idan ya yi yawa. Ta biyu ita ce ƙasan gangare, muddin an yi mata kunyoyin tare ruwa kuma ba ta da cutar ƙarfe. Cibiyar kwarin, wadda ake rububi a kanta, ni a ta uku zan sa ta, kuma sai da dogon iri mai bin ruwa yana tashi. Jigawa ita ce ta ƙarshe. Ana iya gwada irin shinkafar tudu a kanta, kamar NERICA da cibiyar AfricaRice ta samar a shekarun 1990 ta hanyar auratar da shinkafar Asiya da ta Afirka ƙarƙashin jagorancin Monty Jones ɗan Saliyo, wadda wasu nau'o'inta ke nuna cikin kwana 90 zuwa 100, amma sai da takin gargajiya mai yawa. A ganina, gara ku bar mata gyaɗa da wake, tun da ba dole ba ne kowane taƙi na filin ya zama na shinkafa.

Wannan jeri na wucin gadi ne har sai shinkafar da kanta ta yi magana. A kowane hawa ku ware fangali biyar ƙanana, kowanne mita 5 tsawo mita 5 faɗi, da kunya mai ƙarfi a tsakaninsu don kada ruwan wannan ya shiga wancan. Na farko a ba shi naitirojin da fosforas da fotashiyam duka, na biyu a hana shi naitirojin kaɗai, na uku a hana shi fosforas, na huɗu a hana shi fotashiyam, na biyar kada a ba shi komai. Iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya. Wannan gwaji ba zai yiwu da takin 20-10-10 ba, domin an riga an gauraya ukun a cikinsa, sai an samo kowanne daban, kuma malamin gonarku ko reshen cibiyar binciken aikin gona ta IRAD da ke Garwa za su iya nuna muku hanya. Ranar girbi a auna na kowane fangali shi kaɗai. Fangalin da ba a ba komai ba shi ne zai faɗi ƙarfin ƙasar na asali, wanda kuma ya fi faɗuwa cikin ukun da aka tauye shi ne zai nuna hujin randar.

Game da rabo, ban goyi bayan ƙuri'a a kan filin yadda yake ba, domin ƙuri'a tana raba sa'a ne kawai, wanda ya faɗa a yashi zai yi shiru bana ya fice daga ƙungiya baɗi. Zaɓen dattawa kuma, da girmamawa, shi ne zai kai su cibiyar kwari su yi irin asarar da na yi. Ku raba kowace daraja daban, kowane ɗan ƙungiya ya samu yanki a ta ɗaya da yanki a ta biyu, sauran kuma a ba masu so da ƙarin faɗi. A rubuta yarjejeniyar a gaban jauro, a sa a ciki cewa za a sake duba jerin bayan girbi biyu, kuma gyaran kunyoyi da lambatu aikin gayya ne, tun da ruwan na sama ta gonar na ƙasa yake bi.

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni mace ce a kusa da Kusiri, maigidana ya rasu ya bar mini gonar shinkafa ta rani da muke ba ruwa da injin daga rijiya. A da tana ba mu abin da muke ci har mu sayar, amma shekara uku ke nan wasu wurare sun yi fari kamar an barbaɗa gari, shinkafar wurin ba ta tsawo, tana ƙonewa daga bakin ganye. Na ƙara yuriya ba ta canza ba. Maƙwabta sun ce gonar ta mutu, wani ma ya zo yana taya ta da arha. In sayar?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙan maigidanki, ya albarkaci abin da ya bari. Kada ki yi gaggawar sayarwa, kuma ki dakatar da ƙarin yuriyar nan, domin yunwa ba ita ce ciwon waɗannan wurare ba. Abin da kika kwatanta alamar gishiri ce ko kanwa, kuma ba baƙon abu ba ne a yankinku, inda ruwan sama bai cika wuce milimita 500 zuwa 600 a shekara ba, rana kuma take ƙafar da ruwa da ƙarfi. Kowane ruwan rijiya yana ɗauke da ɗan gishiri ko da harshe bai ji ba. Idan aka zuba shi a fangali ya ƙafe, ruwan ya tafi gishirin ya zauna, kuma idan gonar ba ta da mafitar ruwa, na bana yana hawa kan na bara. Masana sun auna cewa shinkafa tana fara raguwa da zarar gishirin ƙasa ya haura maki 3 a ma'aunin da suke kira desisimen, kuma kowane ƙarin maki ɗaya yana cin kimanin kashi 12 cikin 100 na amfanin. Ta fi jin jiki tana ƙarama da kuma lokacin da take ɗaukar ciki.

Amma akwai ciwo biyu masu kama da juna, kuma maganinsu ya bambanta, don haka ki fara rarrabe su. Ki ɗebo ruwan sama ko ruwan gora a faranti mai haske, ki ɗauko busasshen ɓarɓashin ƙasa kamar ƙwayar wake daga wurin da ya lalace, ki ajiye shi a ciki a hankali, kada ki motsa. Idan ya wargaje ya zube amma ruwan ya zauna garau, gishiri ne zalla. Idan kuwa bayan ɗan lokaci kika ga wani hazo kamar an ɗiga nono yana yaɗuwa kewaye da shi, sodiyam ne ya kama lakar, wato ciwon kanwa. Irin wannan ƙasa idan ta jiƙe sai ta yi santsi kamar sabulu, ruwan da ke kanta ba ya lafawa, idan kuma ta bushe sai ta yi tauri fartanya ta riƙa tsalle. Ita ce hanyar da gona ke bi ta zama fako, abin da Fulanin Marwa ke kira harde, inda ba a ganin komai sai aduwa jefi-jefi.

Idan gishiri ne zalla, maganinsa wanki. A haƙa lambatu a gefen da gonar ta fi gangara, a cika fangali da ruwa mai daɗi, a bar shi ya nutse ya kuma fita ta lambatun, a maimaita, kuma ruwan damina ko na kogin Logon ya fi na rijiyar da ta jawo ciwon. Idan kanwa ce, wanki kaɗai ba ya isa, domin ruwan ba zai ratsa ƙasar ba. Sai an zuba garin jifsam an cuɗa shi da ƙasar sama, kalsiyam ɗin da ke cikinsa ya ture sodiyam daga jikin laka, sannan a wanke. Yawan da za a zuba sai gwaji ya faɗa, kada ki saya da ka. Abin da zai ƙarfafa miki zuciya shi ne, a arewacin Indiya, inda aka kafa cibiyar binciken ƙasa mai gishiri a garin Karnal a 1969, shinkafa ce amfanin da ake fara shukawa wajen farfaɗo da ƙasar kanwa, saboda ruwan da ke kwance a kanta yana taimaka wa gyaran.

Ki kuma duba wani abu. A ƙasa mai kanwa shinkafa takan rasa sinadarin zinki, alamarsa kuwa tana bayyana mako biyu zuwa huɗu bayan dashe: tsiro ya tsugune, ganye ya yi ɗige-ɗige kamar an watsa masa ƙurar tsatsa, kuma abin yakan zo tsibi-tsibi a cikin gona. Ana gyara shi da zinki salfet, kimanin kilo 25 a hekta. Yuriya kuwa, idan aka watsa ta a ruwa mai kanwa da tsakar rana, rabo mai yawa yana tashi sama a matsayin iskar amoniya, don haka a rage ruwan fangali kafin a zuba, a kuma raba ta kashi biyu ko uku, na ƙarshe ya dace da ɗaukar ciki. Karan shinkafa kuma a daina cinna masa wuta ko sayar da shi kaf, domin fiye da kashi uku cikin huɗu na fotashiyam ɗin da shinkafa ta sha a cikin karan yake. Idan dabbobi suka ci, a mayar da takinsu gonar, a haɗa da buntu. Ki kai kwalbar ruwan rijiyar a auna shi tare da ƙasar. Mai tayin nan kuwa, ina zaton ya san gonar tana gyaruwa.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin aikin gona ne a Njamena. Na ɗebo samfurin ƙasa daga filayen ban ruwa na Bongor, da filayen ambaliya na wajen Lai, da wasu gonakin tudu, an auna mini pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, da ruɓi da naitirojin da fosforas da fotashiyam. Na ba kowane awo maki, na haɗa na raba, sai wata gonar tudu ta zo gaba da wani filin ambaliya da manoma ke yabo. Lissafina ne ya ɓaci ko manoman ne?

Amsa: Ɗana, kafin ka tuhumi manoman ka tuhumi haɗawa da rabawar. Matsakaicin maki yana barin kyawun wani awo ya rufe munin wani, alhali shuka ba ta karɓar musanya. Tsarin tantance ƙasa da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar a 1976 yana farawa ne da ayyana amfanin da ake nufi, sannan ya sa ƙasa a matakin S1 ko S2 ko S3 gwargwadon dacewarta, ko N idan ba ta dace ba, kuma hanyar da aka fi bi a cikinsa ita ce a bar aibi mafi tsanani ya yanke matakin, a rubuta harafinsa a gefe. Shinkafar ban ruwa da ta ambaliya da ta tudu amfani uku ne, don haka jeri uku kake buƙata, kowanne da nasa ma'auni.

Sannan ka tuna busasshiyar ƙasa aka auna maka, shinkafar fadama kuwa a jiƙaƙƙiya take rayuwa. Ponnamperuma, masanin da ya yi aiki a cibiyar binciken shinkafa ta IRRI a Filifin, ya bayyana tun 1972 cewa idan ruwa ya kwanta a kan ƙasa na 'yan makonni, pH ɗinta yana matsowa kusa da 7, mai tsami ta hau, mai kanwa ta sauko, kuma fosforas ɗin da ƙarfe ya ɗaure yana kwancewa. Ke nan makin da ka rage wa filin ambaliya saboda tsami ko ƙarancin fosforas ya fi abin da ya cancanta, wanda ka rage wa tudu kuwa daidai ne. Ka duba kuma da wace hanya aka auna fosforas ɗin, domin ta Olsen ce ta dace da ƙasa mai kalsiyam da yawa irin dabaro, ta Bray kuma da mai tsami, ba a jera sakamakonsu a layi ɗaya.

Ban ga ƙarfin riƙon sinadarai, wato yawan abincin shukar da ƙasa ke iya riƙewa, a cikin awonka ba, kuma shi ne ya fi bambanta tudu da kwari: yashin jigawa sau da yawa ba ya kai maki 5, dabaro kuwa yakan haura 30. Ban kuma san yadda ka ɗebi samfurin ba. Daga kowane fili ana ɗibar wurare 15 zuwa 20 a karkace, zurfin santimita 20, ana kauce wa suri da makwancin shanu da wurin da aka ƙona kara, a gauraya a bokitin roba, a ɗauki rabin kilo a shanya a inuwa. Idan ɗiba ɗaya ka yi, kuma ta faɗa tsohon makwancin shanu a gonar tudun nan, to ka sami amsar tambayarka. Ka koma filayen a watan Satumba, lokacin cikar Logon, da sanda mai alamar santimita da littafi, ka rubuta zurfin ruwa a kowane fili mako-mako, ka kuma tambayi masu gonakin buhu nawa suka ɗinke a shekaru ukun da suka wuce da takin da suka zuba, sannan ka aiko mana da sabon jerin mu duba tare.